Jirgin da Ya Shigo Ba Ganga

Sunana Marhun ɗan Talib. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a makarantun Sur, garinmu na bakin teku a ƙasar Larabawa, sha biyu daga ciki ina hedimasta. Na fara da wannan ne don a san cewa abin da ya same ni ba jahili ya samu ba. Ni ne mai buga tebur in ce wa ɗalibi, "Ina hujjarka? Wa ya rubuta? Yaushe?" Amma labarin da na fi maimaitawa a duk rayuwata ban taɓa neman hujjarsa ba, don a cinyar kakata na ji shi.

Labarin kakana ne, Hilal ɗan Sulayyam, nahodan jirgin Samha. Nahoda shi ne shugaban jirgi, a kan teku maganarsa ce doka. A shekarar 1948 ya kai dabino da busasshen kifi Zanzibar, ya lodo kanumfari da itacen gini. A hanyar dawowa, da rana tsaka, matuƙinsa Darwish ya yi gyangyaɗi a kan sandar tuƙi, jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, igiya ta hau ta share nahoda. Haka aka ba ni, haka na ba 'ya'yana, har da kwaikwayon yadda kan Darwish ke lanƙwasawa.

A garinmu, jirgi in ya dawo da mutanensa cif, tun daga nesa ake jin ganga da waƙa, mata su hau kan soraye suna guɗa. In an rasa rai kuwa, ba ganga, tuta a sauke, kowace mace ta tsaya tana bin kawunan masu saukowa da ido. Samha ta shigo shiru, kuma kakata Ghaniya ce ba ta ga nata ba. Mahaifina yana da shekara bakwai a lokacin.

Akwai wata al'ada kuma. Matuƙin da nahoda ya salwanta a hannunsa, babu jirgin da zai sake ɗaukarsa, ko da kyauta zai yi aiki. Darwish, wanda aka ce ya san hanyar Zanzibar kamar tsakar gidansa, ya ƙare rayuwarsa yana shanya kifi a bakin teku yana korar ƙuda. Gidansu na bayan namu, katanga ɗaya ce ta raba. Ba ma cin nasu, ba sa cin namu. A unguwa ana ce musu gidan gyangyaɗi, kuma in ban manta ba ni na fi kowa jin daɗin faɗa. Jikan Darwish, Nasib, ajinmu ɗaya a firamare. Da malami ya juya baya sai in rufe ido in yi masa minshari, aji ya fashe da dariya.

Bara ne mai unguwarmu Bakhit ya kawo shawarar a gina bango na farin dutse a bakin mashigin ruwa, a sassaƙa sunayen mutanen teku na unguwar. Aka taru a sabla, zauren da maza ke zama bayan sallar Juma'a. Ana zuba gahawa, Bakhit yana karanto sunaye, kowa na cewa Allah ya jiƙansa. Sai ya ce, "Darwish ɗan Juma, matuƙi."

Na ajiye kofina. "Wane Darwish?"

"Darwish nawa muke da su, Malam?"

"A bango ɗaya da kakana?"

"Bangon ai na unguwa ne, ba na gidanku ba."

"To shi ke nan," na ce, na gyara zama don kowa ya ji. "In an sassaƙa sunan, a kawo matashin kai a ajiye masa a ƙasa, ya ƙarasa barcinsa."

An yi dariya, ba zan ɓoye ba, kuma na ji daɗinta har cikin ƙashina. Sai da ta lafa na ga wanda ke zaune a kusurwa. Sinan ne, ɗan Darwish, mahaifin Nasib, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan Talib, ka gama?" Ya miƙa wa Nasib hannu, aka tashe shi, suka fita.

Bakhit ya tsuke fuska. Ya ce daga yau kowane suna sai da takarda, kuma duk mai ƙorafi a kan sunan wani shi ma sai da takarda. Ni kuwa ina so a rubuta a ƙarƙashin sunan Hilal cewa ya yi shahada a teku, kuma a cire Darwish.

"Kai ne malamin tarihi," in ji shi. "Kawo mana, mu sassaƙa."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata Zuwaina tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sannu da jarumta, Baban Shamsa. An ce ka kayar da tsoho ɗan tamanin."

"Gaskiya na faɗa."

"Kana wurin?"

"Kakata tana wurin."

"Kakarka a kan soro take, ba a cikin jirgi ba."

Na ce mata ta ji da albasarta. Bayan mako biyu na hau jirgin sama zuwa Zanzibar, da sabon littafin rubutu da alƙalami biyu, ina jin kaina kamar alƙali zai je yanke hukunci.

Ma'ajiyar tsofaffin takardu wani gini ne mai warin ƙura da maganin gara. Mai kula da ɗakin karatu wata mata ce mai suna Mwanaisha, gajera, da tabarau a ƙarshen hanci, tana jin Larabci daidai gwargwado. Na gabatar da kaina da duk muƙamaina, na ce kakana nahoda ne.

"Barka da zuwa," ta ce. "Kowane wata sai wani ya zo daga ƙasarku neman kakansa, kuma duk nahodoji ne. Har yau ina jiran jikan mai dafa musu abinci."

Ban yi dariya ba. Ta kawo mini littattafan tashar jiragen ruwa, manya-manya, inda magatakarda ke rubuta kowane jirgi da ya shigo da wanda ya fita, da kayansa, da yawan mutanensa, da sunan nahoda. Kwana biyu ina juya shafuka ina atishawa. A rana ta uku, da hantsi, na ga Samha. Ta shigo a watan Janairu, daga Sur, da dabino da kifi, mutum goma sha tara, nahoda Hilal ɗan Sulayyam. Na shafa sunan da yatsa, har na ji ƙwalla. Na ɗauki hoto na aika wa Zuwaina ba tare da na rubuta komai ba, don ta san da wa take magana.

Sannan na nemi ranar fita. Tana cikin watan Afrilu. Samha, zuwa Sur, da kanumfari da itace, mutum goma sha takwas. Nahoda, Darwish ɗan Juma. A gefen shafin magatakarda ya ƙara layi ɗaya da ƙaramin rubutu, cewa tsohon nahoda ya tsaya a ƙasa da son ransa, ya miƙa jirgi ga matuƙinsa a gaban shaidu biyu.

Na karanta sau uku. Na kira Mwanaisha na ce mata magatakardan nan ya yi kuskure, ya haɗa jirage biyu. Na yi mata lacca a kan sakacin ma'aikatan wancan zamani, ta tsaya tana saurare da haƙuri irin na wadda ta saba. Da na gaji ta ce, "Ba ni sunan kakan da na mahaifinsa. Ka dawo gobe."

Washegari ta ajiye mini wani siririn littafi na kotun alƙali daga tsibirin Pemba. Ta riga ta saka takarda a shafin. Ɗaurin aure ne, kwana goma sha bakwai bayan tashin Samha. Ango, Hilal ɗan Sulayyam, mutumin Sur. Ko a nan da na yi gardama, don suna ba na mutum ɗaya ba ne. Amma ya sa hannu. A gidanmu akwai littafinsa na hanyoyin teku da taurari, wanda kakata ke naɗewa a cikin alharini, ni kuma nake fitarwa in nuna wa baƙi. Na san rubutun nan kamar yadda na san nawa, har da yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe ta koma ƙarƙashin sunan.

Sai ta buɗe mini littafi na uku. Hilal ya rasu a 1961, na zazzaɓi, a gonarsa ta kanumfari, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Shekara goma sha uku ke nan yana cin tuwonsa yana shan inuwa, Darwish kuwa yana korar ƙuda a kan kifi a bayan gidanmu.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Abin da na sani, kunya ce ta fara zuwa kafin baƙin ciki, kuma ba kunyar abin da Hilal ya yi ba ce. Matashin kan nan ne ya tsaya mini a rai.

"A yi maka kwafi?" in ji Mwanaisha.

Wallahi na so in ce a'a. Na duba ɗakin, ba wanda ya san ni, ba wanda zai je Sur ya faɗa. Ita kuwa tana kallona ta saman tabarau.

"A yi," na ce.

"Kana da 'yan uwa a Pemba, ka sani. Jirgin safe yana zuwa can."

"Ba ni da kowa a Pemba."

Ta tafi da littattafan.

Da na dawo gida na tura takardun ƙarƙashin tsofaffin jarrabawar ɗalibai, na ce wa Zuwaina gara ta cinye shafin fitar jirgin. Kwana huɗu ƙaryar ta yi. A na biyar na dawo daga masallaci na tarar da takardun shimfiɗe a kan tabarma, ta danne su da farantin dabino.

"Garar Zanzibar tana da kirki," ta ce. "Ta ci ta dawo da shi."

Na zauna. Na yi zaton za ta yi mini wankin babban bargo, kuma da ta yi da na samu abin yi wa fushi. Sai kawai ta zuba mini ruwa.

Na gaya mata dabarata. Zan je wurin Bakhit ni kaɗai in ce na janye ƙorafina, a sassaƙa sunayen biyu, a bar maganar shahada. Kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya.

"Ba wanda ya ji kunya," ta maimaita. "Ban da wanda ya shekara saba'in da shida yana jin ta. Ka tashi ka je wurin tsohon nan. Taku ashirin ne."

Na sayi halwa, alewar garinmu, mai zafi kwano guda, bayan la'asar na zaga bayan gida. Shekarata sittin da biyu a duniya, ban taɓa taka wannan ƙofa ba. Nasib ne ya buɗe. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Malam, ɓatan hanya ka yi?"

"Wurin Baba na zo."

"Yana barci," ya ce, ya ɗan dakata. "Ka san halin gidanmu."

Na haɗiye, don na cancanci fiye da haka. Daga ciki muryar tsohon ta ce a bar ni in shigo.

Sinan yana kan gadon igiya a inuwar bishiyar lemun tsami, ƙafafunsa sun kumbura. Na gaishe shi, na tsuguna a ƙasa, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifina. Na miƙa masa takardun. Bai karɓa ba.

"Idona ba ya gani, kuma ba na bukata. Pemba ko? Gonar kanumfari?"

Na ce, "Baba, ka sani?"

"Ubana ya gaya mini kwana biyu kafin ya cika. Waɗanda ke cikin jirgin duk sun sani, sun riƙe bakinsu har kabari. Kai kaɗai ne sai da ka hau jirgin sama."

"To me ya sa ya yarda? Me ya sa bai ce nahoda ya gudu ba?"

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce wa Nasib ya kawo gahawa, ya jira har ya shige.

"Ka san mashiginmu. In ruwa ya janye, babban jirgi ba ya shiga, sai ya jira a waje. Ranar sun iso da sassafe, ruwa a janye. Mutanen suka ce wa ubana, ganga za mu kaɗa ko shiru? In sun kaɗa, gari zai fito tarar nahoda, a ga babu shi, kafin azahar kowa ya san ya bar matarsa ya bi wata. In sun yi shiru, an san ma'anarsa. Ubana ya ce ba shi ke da wannan hukunci ba. Ya sauke ƙaramin kwalekwale, ya zaga ta bayan duwatsu, ya je ya sami kakarka tana niƙa. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ya ce, Ghaniya, ganga ko shiru?"

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce, ina da ɗa. Ba za a riƙa nuna shi a kasuwa ana cewa ga wanda ubansa ya gudu ya bari ba. Ku shigo shiru. Ubana ya ce, za a tambayi wanda ke riƙe da tuƙi. Ta ci gaba da niƙanta."

"Kakata," na ce, kamar akwai wata Ghaniyar.

"Kakarka. Ba wanda ya yi ƙarya da baki, ka gane? Ganga ce kawai ba a kaɗa ba. Aka ce wa ke kan tuƙi, ya ce ni ne, kuma shi ne. Gyangyaɗin mutanen gari ne suka ƙara daga baya, don labari ba ya daɗi sai da dalili. Ita kuma ba ta hana ba. Ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a kan mutumin da ke shan amarci."

Ba ta hana ba ne kawai? Ni na san abin da Sinan bai sani ba. Ita ce ta koya mini lanƙwasa kan nan. Tana yi ina ƙyalƙyala dariya, in ce ta sake, ta sake. Ban gaya masa ba, kuma sai yau nake faɗar wannan a fili.

Na ce, "Baba, ka yafe mini." Har na ɗan ji tausayin kaina. Na gaya masa zan sami Bakhit gobe in janye ƙorafi, sunan Darwish zai hau bango, a sama ma in yana so.

"A asirce," ya ce.

"Don kada a tayar da tsohuwar magana."

"Ɗan Talib, a ɗaki ka ba ubana matashin kai?"

Na sunkuyar da kai.

"Bango bai dame ni ba. Dutse ne, tsuntsaye za su yi kashi a kai. Ina so in ji da kunnena, a sabla, a gaban waɗanda suka yi dariya, an ce Darwish bai yi barci ba. Kuma daga bakinka. Ubana ya yi shiru ne don mahaifinka, mahaifinka kuma ya rasu da mutuncinsa, alkawari ya cika. Na kakarka ka bar shi, ban ce ka tona ta ba. Ka faɗi na Hilal kawai." Ya gyara kwanciya da ƙyar. "Juma'a. Kuma kada ka daɗe, ka ga ƙafafun nan."

Na ce in Allah ya so. Ya ce in tafi da halwata, likita ya hana shi zaƙi.

Juma'a ta zo. Na sa takardun a aljihun gaba, na haddace abin da zan faɗa kamar ɗalibi. Sabla ta cika. Nasib ya turo mahaifinsa a keken marasa lafiya, ya ajiye shi daidai inda zai fuskance ni. Aka yi hirar tsadar kifi, aka yi ta sabon titi. Ina ta cewa bari a gama zagayen gahawa. Aka gama, na ce bari a gama na dabino. Sai wani maƙwabcinmu ya ɗaga murya daga can ƙarshe.

"Malam, yaya Zanzibar? An samo mana shahidi?"

Duk aka juyo gare ni. Ba za a taɓa buɗe mini ƙofa fiye da haka ba. Na dubi fuskokin nan, rabinsu ɗalibaina ne, waɗanda suka shekara suna tashi tsaye in na shigo aji. Na ji bakina yana cewa, "Ana kan tantance takardun. Aikin tarihi ba ya son gaggawa."

Suka gyaɗa kai, don Malam ya yi magana. Ban da Sinan. Ya ci gaba da kallon inda nake da idanun da ba sa gani sosai, har aka watse.

Zuwaina ba ta tambaye ni ba, don ta gani a tafiyata. Ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki.

Juma'a ta biyu na tashi da ciwon baya. Ciwon gaskiya ne, ina da shi tun da daɗewa, amma bai taɓa hana ni zuwa inda nake so ba. Na yi salla a wani masallaci can bayan kasuwa, na dawo ta lungu, na kwanta. Ina jin ƙarar keken nan a kan tsakuwa lokacin da aka fita da shi, ina ji kuma lokacin da aka dawo da shi, can wajen la'asar. Na yi wa kaina rantsuwa cewa Juma'a mai zuwa ko da rarrafe zan je.

Ranar Talata da hantsi na ji kukan mata ta bayan katanga.

Na bi jana'izar Sinan. Na tsaya a sahun baya, ban iya kai hannu ga makara ba. Aka zauna zaman makoki a sabla, kwana uku kamar yadda aka saba. Ranar farko na shiga na yi gaisuwa na fita kamar ɓarawo. A rana ta biyu, zaure cike har waje, na miƙe tsaye ba tare da na nemi izinin mai unguwa ba. Na fito da takardun daga aljihu.

Na ce kakana Hilal bai mutu a teku ba. Na ce ya sauka a Zanzibar da ƙafarsa, ya yi aure a Pemba, ya rayu shekara goma sha uku ya mutu a kan gadonsa. Na ce Darwish ɗan Juma bai yi gyangyaɗi ba. Shi ya karɓi jirgin da aka yasar, ya kawo mutum goma sha takwas gida lafiya, sannan ya ɗauki laifin da ba nasa ba don ya rufa wa gidanmu asiri, gidanmu kuma ya saka masa da zagi har jikoki. Na ce ni ne na fi kowa zagin, kuma na san gaskiya tun makonni uku da suka wuce. Na karanta musu shafukan ɗaya bayan ɗaya, da ranaku. Sunan kakata bai fito daga bakina ba.

Ba wanda ya yi motsi. Wani tsoho ya ce la'ilaha illallahu a hankali. Bakhit ya miƙo hannu na ba shi takardun, ya duba, ya miƙa wa na kusa da shi. Ni kuwa ina tsaye, kuma zan faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata yana jiran a ce Malam ya yi namijin ƙoƙari.

Nasib ne ya yi magana, daga inda yake zaune a matsayin mai karɓar gaisuwa. Bai ɗaga murya ba, irin ta mahaifinsa ce sak.

"Mun ji, Malam."

Na ce, "Nasib, ka yafe mini."

"Juma'ar da ta wuce tun da safe ya sa na yi masa aski. Ya ce in fito masa da farar rigarsa ta idi, in ɗaura masa wuƙar adonsa ta azurfa, wadda rabonsa da ita tun bikin aurena. Na ce Baba, ina za ka da kwalliya haka? Ya ce yau za a faɗi sunan ubana, ɗan Talib ya yi mini alkawari. Aka watse ya hana ni tura shi gida. Ya ce wataƙila ka tsaya alwala ne."

Na ci gaba da tsayuwa a inda nake.

"Zauna, Malam," ya ce. "Ka tare hanya, masu gaisuwa suna jira a waje."

Na zauna.